Yadda ake bincike a tsakanin masunta da maharban fadamar Haɗeja

Idan ka tsaya bakin ruwa a ƙasar Guri ko Kiri Kasamma ta jihar Jigawa da sanyin safiya, lokacin da kwalekwale ke dawowa, za ka ga abin da ake juyewa a daro: karfasa 'yan ƙanana da ba su wuce tafin hannun yaro ba, tarwaɗa, ɗan ƙurungu, wani lokacin kawara. Ka tambayi dattijon da ke zaune yana ɗinkin ragarsa ta kalli, “Baba, giwan ruwa fa?” Sai ya ɗago ya dube ka, ya ce, “An daɗe, ɗana.” Daga wannan “an daɗe” aikin mai bincike yake farawa. Tun yaushe? A wane ruwa aka yi masa ganin ƙarshe? Me ya sauya, ruwan ne, ko kayan su, ko yawan masu shiga?

Na rubuta wannan ne don ɗaliban da ke fitowa daga jami'o'inmu na Kano da Dutse da Kafin Hausa, da matasan da ƙungiyoyin kare muhalli ke ɗauka aikin tattara bayanai. Tarihin kifi da namun dajin wannan yanki yana cikin kawunan masunta da maharba da matan da ke banda, kaɗan ne ya shiga takarda. Su kuwa ba sa buɗe shi ga wanda ba su yarda da shi ba. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na samun wannan yarda, da kuma mayar da abin da aka faɗa maka ya zama bayanin da hukuma za ta iya aiki da shi.

Ka san ruwan tun kafin ka gan shi

Kada ka isa ƙauye kana tambayar abin da ya kamata ka karanto tun daga gida. Kogin Haɗeja ya samo ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa, kuma an datse su duka biyun: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kafin haka ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, ya janye da rani har wasu rassan su ƙafe. Da aka koma sakin ruwa daga madatsu har cikin rani, sai rassan suka daina bushewa, ciyawar kachalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da laka. Wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa ya cinye gonaki, musamman ta ɓangaren mashigar ruwa ta Marma, wasu kuma ya daina isa gare su. Cikin kachallar nan ne tsuntsun jan baki ke kwana ya fito ya far wa shinkafa. In ba ka riƙe wannan a kanka ba, rabin abin da za a gaya maka ba za ka gane inda ya dosa ba.

Ka kuma san matsayin wurin a idon hukuma. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, dausayin Baturiya ya shiga a 2008. An fara shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru tun 1987, saboda haka mutanen nan sun ga masu bincike iri-iri kafin kai, kuma suna tuna waɗanda suka yi alkawari suka ɓace. A 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, cikinsu har da dausayin Haɗeja da dajin Falgore na Kano. Don haka ka bincika wa ke riƙe da wurin da za ka shiga a lokacin tafiyarka, jiha ko tarayya.

Tambaya ɗaya tak

Ka rubuta abin da kake nema a jimla guda. Misali: yaya girman kifin da ake kamawa a wannan tafki ya sauya tun bayan zuwan kachalla? Ko kuwa: su wa ke harbin tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya, a wane lokaci, don ci ko don sayarwa? In jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka shirya ba tukuna. Na ga takardun tambayoyi masu shafi goma sha biyu, sun haɗa kifi da itacen girki da zazzaɓin cizon sauro da karatun yara. Masunci ya kwana a ruwa, barci yake ji, ba zai kai shafi na uku da zuciya ɗaya ba.

Shiga gari ta ƙofa

Takardar makaranta ko ta ƙungiyarka ita ce farko, tare da amincewar kwamitin da ke duba da'ar bincike in makarantarku tana da shi. Daga nan sai ma'aikatar muhalli a Dutse in za ka taɓa gandun daji, sai sakatariyar ƙaramar hukuma. Amma takardun nan kare ka kawai suke yi. Abin da zai buɗe maka bakin mutane shi ne bin tsanin sarauta yadda yake: hakimi ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa ko bulama, shi kuma ya kira sarkin ruwa in kifi ya kawo ka, ko shugaban maharba in namun daji ne. Kada ka tsallake ko da mataki ɗaya don sauri. Sarkin ruwan da ya ji labarinka a bakin yara ba zai hana ka aiki ba, amma duk wanda ka tambaya zai ce maka bai sani ba.

Ka riƙe goro, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa. Bayan gaisuwa ka faɗi magana gajera: “Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni. Na zo in koyi yadda ruwan nan yake a da, da yadda ya koma yanzu. Zan yi mako biyu, kuma in na gama zan dawo in karanta muku abin da na rubuta.” Sannan ka roƙi a ba ka ɗan rakiya, da ɗan gari akan ci gari. Sai dai ka lura da wanda aka ba ka. In ɗan gidan dagaci ne, talakan masunci ba zai yi ƙorafin rabon ruwa a gabansa ba. Ya raka ka ya gabatar da kai, in hira ta zo ya ɗan matsa gefe. Ka biya shi kuɗin yininsa, ku daidaita tun ranar farko. A garuruwan da ake Kanuri ko Badanci ko Fulatanci a cikin gida, ka nemi mai rakiyar da ke jin harshen, domin tsofaffi da mata sun fi sakin jiki da harshen da suka tashi da shi.

Abubuwa biyu da za a ɗauke ka

Wannan matakin shi ne ya fi kowane muhimmanci a wurina. Baƙo mai jaka da biro da waya, in ya sauka ƙauyen masunta, ɗayan biyu ake ɗaukarsa: ko ma'aikacin da ya zo ƙidayar da za a sa haraji ko a ƙwace raga, ko kuwa mai rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi. Wanda ya ɗauke ka na farko zai rage komai, ya ce kalli ɗaya gare shi alhali biyar ne. Wanda ya ɗauke ka na biyu zai ƙara wa talaucinsa gishiri, ya ce rabonsa da kama kifin kirki tun bara. Dukansu ba maƙaryata ba ne, kare kansu suke yi daga abin da suka saba gani.

A fitata ta farko na shiga wani ƙauye a motar wata hukuma, saboda ita na samu mai zuwa can. Kwana huɗu ina cika takardu, kowa na ce mini da ƙugiya kawai yake su. Sai ranar da zan tafi wani tsoho ya ja ni gefe ya ce, “Malam, tun da aka ga motar nan aka kwashe taru aka kai bayan gari.” Aikin kwana huɗun nan duka na ajiye shi, ban yi amfani da ko layi ɗaya ba. Tun daga ranar a motar haya ko babur nake shiga, kuma ba na sa riga ko hula mai tambarin kowa.

Saboda haka kafin kowace hira, da kowane mutum, ka maimaita abubuwa huɗu da bakinka: ba ka kama kowa, ba ka raba komai, ba za ka rubuta sunansa a jikin amsarsa ba, kuma yana da ikon ya ƙi amsawa ko ya tashi a tsakiya. Ka jira ya ce ya yarda. In za ka naɗi murya ko ka ɗauki hoto, wannan izini ne na dabam. Mutane da yawa suna tsoron dangwala yatsa a takardar da ba su iya karantawa ba, kuma suna da gaskiya, don haka yardar baki a gaban shaida ta wadatar in kwamitinku ya amince. Kada ka ce “wataƙila gwamnati ta taimaka muku in ta ga rahoton” don a saki jiki da kai. Wannan kalma ɗaya takan lalata bayanan gari guda, ta kuma ɓata wa mai zuwa bayanka hanya.

Kwana biyun farko, ajiye biro

Ka zaga. Ka je inda ake sauke kifi, ka zauna wurin masu banda, ka yi sallar magariba a masallacin unguwa, ka sha shayi a teburin da masunta ke taruwa. Ka koyi sunayen kayan aiki har ka iya bambance su da ido: kalli da ake shimfiɗawa a bari ya kwana, birgi da ake jefawa, koma, taru da ake ja, mamari mai jerin ƙugiyoyi, gura wato tarkon kifi, da dumba wadda ake jera gura a tare hanyar ruwa gaba ɗaya. Sunaye suna ɗan sauyawa daga gari zuwa gari, ka ɗauki na garin da kake.

A rana ta uku ka nemi mutum shida zuwa goma ku zana taswira a ƙasa. Ka share wuri a inuwa, ka ba mafi tsufa kara, ka ce ya ja kogin. Sauran za su gyara masa, gardama ta tashi, kuma cikin gardamar nan ilimin yake. Duwatsu su zama tafkuna, ganye ya zama kachalla, toka ta nuna burtali da mashayar shanu. Ka tambaya ina kifi ke ƙwai, ina gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa, wane ruwa ne ba a shiga sai sarkin ruwa ya buɗe shi, ina agwagin ruwa ke sauka. In an gama ka ɗauki hoto, ka kwafe a takarda. Washegari ka bi wuraren da ƙafa ko a kwalekwale kana ɗaukar lambar wuri, wato GPS, da wayarka.

Da mutanen nan dai ku yi jerin lokutan shekara. Ka ja layi huɗu, damina, kaka, hunturu, bazara, ka ba su wake ashirin su raba gwargwadon yawan kifin kowane lokaci. Sannan a sake rabawa don farashi, a sake don zuwan baƙin masunta, a sake don rikici da makiyaya. Da sunayen lokuta za ka yi aiki, domin watannin Musulunci suna zagayawa, na Bature kuma ba kowa ke lissafi da su ba.

Hira da tsofaffi

Matashi ɗan shekara ashirin da biyar zai ce maka kifi lafiya lau, domin da ƙananan karfasa ya buɗe ido. Kakansa ya san lokacin da mutum biyu ke ɗaukar giwan ruwa ɗaya. Kowane zamani yana auna raguwa ne daga abin da ya tarar, shi ya sa dole ka raba masu amsa gida uku, tsofaffi da magidanta da samari, ka yi wa kowa tambaya iri ɗaya.

Kada ka tambayi dattijo “a wace shekara”. Ka kafa masa turaku da abubuwan da ba a mantawa: shekarar da aka bar fam aka koma naira, wato 1973, wadda ta zo daidai da babban fari, yunwar 1984, ƙirƙiro Jigawa a 1991, ambaliyar 2022. Sai ka ce, “Baba, lokacin da aka yi Jigawa, ana samun yauni a tafkin nan?” Ka tafi da hotunan kifaye a buge a takarda, bargi, ragon ruwa, tsage, faliya, minjirya, gaiwa, ramboshi, ya jera su kashi uku: wanda ake samu kullum, wanda ya yi wuya, wanda aka daina gani. Hoton yana da amfani domin suna ɗaya kan hau kifi biyu, kifi ɗaya kuma kan yi suna biyu. In ya nuna girman kifi da hannunsa, ka auna tazarar da igiyar awo ka rubuta. Kuma in ya kauce ya shiga labarin wani su da aka yi zamanin mahaifinsa, ka bar shi. Mafi yawan abin da na sani game da dokokin ruwa na gargajiya a irin wannan kaucewar na same shi.

Wa za a tambaya

In ka bar wa mai unguwa zaɓi, zai kawo maka mutanen kirki masu iya magana, kuma duk kusan ra'ayinsu ɗaya. Gara ka roƙe shi ku lissafa gidajen masunta duka, ka ba kowane gida lamba, ka rubuta a ƙananan takardu ka zuba a hula, yaro ya zaro a gaban jama'a. Kowa ya ga ba son kai, kai kuma ka sami zaɓin da za ka iya karewa a gaban malamanka.

Akwai waɗanda ba za su fito a wannan jerin ba sai ka neme su: baƙin masunta da ke zuwa ci-rani su kafa bukkoki a bakin ruwa, makiyayan da ke sauka fadama da rani, dillalan da ke ba masunta bashin raga su karɓi kifi, da mata. Matan su ne ke suya da banda, su ne ke saƙa da kaba, kuma sun fi kowa sanin yadda girman kifi ya ragu domin su ke feɗe shi. Namiji baƙo ba zai shiga gida ba, don haka tawagar da ba mace a cikinta rabin gari kawai za ta ji. Abokiyar aikinka ta nemi izinin maigida, ta shiga da sallama, ta zauna da su suna aikinsu.

Tsara tambayoyin

Ka rubuta su da Hausa tun farko. In ka rubuta da Turanci kana fassarawa a tsaye, kowane mai tambaya zai fassara yadda ya ga dama, amsoshin ba za su haɗu ba. Ka guji tambayar da ke ɗauke da amsarta, irin “ba ka ganin ƙaramar raga tana ƙarar da kifi?” Ka ce, “Me kake ganin ya sa kifi ya koma haka?” Ka tambayi abin da ya faru jiya ko a makon nan, ka bar “yawanci”, domin “yawanci” kowa ranar sa'arsa yake tunawa. Ka gwada takardar a wani ƙauyen da ba ya cikin bincikenka, da mutum biyar, ka yanke duk tambayar da sai ka yi bayani sau biyu. Hira kada ta wuce minti arba'in. Manhajar KoboToolbox ta cika takardun tambaya tana aiki a waya ba tare da intanet ba, amma ka riƙe takarda a jaka saboda caji.

Sikeli a bakin ruwa

Abin da aka faɗa maka sai ka gwada shi da abin da idonka ya gani. Ka isa wurin sauke kifi kafin kwalekwalen farko. Kayan aikinka sikelin rataye, bokiti, allo mai rula a manne, da littafi a cikin leda. Ga kowane masunci da ya yarda, ka rubuta irin kayan da ya yi su da shi, guda nawa, awa nawa ya yi, mutum nawa ne a jirgin, sannan nauyin kowane irin kifi. Daga kowane iri ka ɗebi kamar ashirin ba tare da zaɓe ba, ka auna tsawonsu. Ka yi sauri, dillali na jira, kifi kuma ba ya jiran rana.

Kada ka rubuta nauyi ba tare da yawan kayan aiki da lokaci ba. Wanda ya kawo kilo goma da kalli ɗaya, da wanda ya kawo kilo goma da kalli biyar, labarin ruwa biyu suke ba ka. Gari zai iya ci gaba da fitar da kifi mai yawa alhali ruwan yana mutuwa, saboda an ninka raga an kuma ƙanƙanta idonta. Ka rubuta har wanda ya dawo hannu wofi, shi ma lissafi ne.

Masunta da yatsa suke auna idon raga, yatsa biyu, yatsa uku. Kai ka ja idon ya miƙe ka auna daga ƙulli zuwa ƙulli. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta sa milimita 76, wato inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar ido ga yawancin raga, ta kuma haramta guba da abin fashewa da lantarki. Za ka ga raga da yawa ƙasa da haka, har da gidan sauro. Ka auna, ka rubuta, ka yi shiru. Ranar da ka fara wa'azi a bakin ruwa, washegari a wani wurin za a sauke kifin.

Kifi da daro da kwando da kwali ake cinikinsa. Ka auna daro biyar cike ka fitar da matsakaicin nauyinsa a garin. Ka kuma auna ɗanyen kifi kafin ya hau banda da bayan ya sauka, don ka iya mayar da lissafin kwalin da ke tafiya kasuwar kifi ta Haɗeja zuwa ɗanye. Kuma awo na mako ɗaya hoton mako ɗaya ne. In da hali ka koya wa wani matashin garin, ka bar masa sikeli da littafi da ɗan alawus, ya riƙa awo kwana biyu a mako har shekara ta zagayo.

Tambayoyin da ba a amsawa a fili

Zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa, harbi a cikin gandu, kama tsuntsayen da aka hana, sayar da sassan ungulu ga masu magani: ba mai ce maka “ni ne”. Kifi na ganinka mai jar koma. Hanya ta farko ita ce ka tambaya a kaikaice: “Cikin masunta goma da ka sani, nawa ne suka taɓa zuba magani a ruwa bana?” Ta biyu ita ce ta gwangwani. Ka sami gwangwani mai murfi ka huda shi, ka zuba wake da masara waɗanda ka ƙirga a gaban kowa, don kada mutumin da ya fara jefawa ya tonu. Kowane mutum ya karɓi ƙwayar wake ɗaya da ta masara ɗaya, ya zaga bayan zana shi kaɗai. In ya yi abin a bana ya jefa wake, in bai yi ba ya jefa masara, ɗayar ya tafi da ita. A ƙarshe ka ƙirga ka cire waɗanda ka zuba tun farko. Za ka san mutum nawa ne, ba za ka san ko su wa ba, kuma haka ake so.

In wani ya amince da kai har ya faɗa maka da bakinsa, amana ce. Ba ta zuwa kunnen ma'aikacin gandu, ba ta zuwa kunnen dagaci. Haka kuma wurin da aka nuna maka sheƙar gauraka ko ramin kada, kada ka sa lambar wurin a rahoton da kowa zai karanta.

Maharba su ne suka fi kowa sanin dawa. Ka roƙi ɗaya ku yi tafiyar asuba a kan layi ɗaya da kuka zaɓa, yana nuna maka sawu da kashi da rami, na gada, na dila, na guza, na zomo, kana rubutawa da lambar wuri. Ku maimaita layin nan a kowane lokaci na shekara. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai da hunturu suke cika fadama, kuma a tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, don haka in ka daidaita fitarka da wannan lokaci za ka iya gwada abin da ka gani da na sauran wurare. Ka tambayi manomin shinkafa ma ra'ayinsa kan tsuntsu. Wanda jan baki ya cinye wa gona ba zai ji daɗin kalmar kare tsuntsaye ba sai an bambance masa wanne ake nufi.

Lafiyarka da littafinka

Kada ka hau kwalekwale ba rigar kariya, kada ka hau wanda aka cika, kada ka yi tafiyar ruwa da dare. Ruwan kwance na fadama yana sa tsargiya, ka sa takalmin roba dogo, in kuma ka ga jini a fitsari bayan ka dawo ka je asibiti. Gidan sauro dole ne.

Kowane dare, kafin ka kwanta, ka bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da ka bari za ka iya cike shi gobe, in ka koma birni ya tafi ke nan. Sunayen mutane a littafi dabam, amsoshi a dabam, lamba ce kawai ke haɗa su. Ka kuma riƙe littafi na uku na abin da ka gani da wanda ka ji a gefe, wa ya yi shiru da wa ya shigo, wace tambaya ce ta sa aka kalli juna.

Komawa

In ka gama lissafi, ka jera abin da tsofaffi suka ce, da abin da takardun tambaya suka nuna, da abin da sikeli ya nuna. Inda suka dace ka sami ƙasa mai taka. Inda suka saɓa kada ka ɓoye, ka koma da shi garin a matsayin tambaya. Ka sanar da dagaci mako guda kafin zuwanka, a tara mutane bayan la'asar, abokiyar aikinka kuma ta tara mata a cikin gida. Ka karanta da Hausa, ba sunan kowa, ka nuna tsawon kifi da kara maimakon jadawali. Sannan ka ce, “Ina na yi kuskure?” Za a gyara maka, wani gyaran ma zai sauya babi guda.

A irin wannan zama ne maganar mafita ke fitowa daga bakinsu: a rufe gurbi kaza lokacin da kifi ke ƙwai, a bar ƙofa a jikin dumba, a haɗu da garin gaba a yi gayyar yanke kachalla. Ka rubuta wa ya kawo shawarar a matsayin rukuni, masunta ko mata ko makiyaya, da abin da suka ce zai hana ta aiki. Shi za ka sa a shafin farko na taƙaitaccen rahoton da za ka kai ma'aikata da ƙaramar hukuma, shafi biyu kacal. Kwafi ɗaya na Hausa, tare da taswirar da suka zana, ka sa a leda ka damƙa wa sarkin ruwa a hannunsa.